Yadda mace za ta riƙe ƙarfin zuciya yayin jinyar sankarar mama, mataki bayan mataki

Tun da na yi jinyar yayata ta kusan shekara guda a nan Sakkwato, mata ke tare ni a gidan biki da makarantar Islamiyya, wasu kuma su turo saƙo ta waya, kuma tambayar kusan iri ɗaya ce: an ce sankara ce, ta ina za mu fara, kuma yaya za a yi kada zuciya ta karye? Abin da idona ya gane mini shi ne, faɗin "ki yi haƙuri" shi kaɗai ba ya tsayar da mara lafiya da ƙafafunta. Hankalinta yana kwanciya ne idan ta san sunan abin da ke damunta, ta san ranar komawa asibiti, ta san wanda zai kai ta da kuma inda kuɗin zagayen magani na gaba zai fito. Saboda haka na jera matakan kamar yadda suke zuwa. Duk inda maganata ta saɓa da ta likitan da ke duba ki, tasa za ki bi.

1. Tabbatar da sunan ciwon

Ba kowane ƙullutu a mama ne sankara ba, hasali ma mafi yawansu ba ita ba ce. Amma hannu ba ya iya rarrabewa, komai ƙwarewar mai shi. Idan kin ji ƙullutu, ko kaluluwa a hammata, ko kan mama ya shige ciki, ko yana fitar da jini, ko fatar ta yi ramu-ramu kamar ɓawon lemu, ki je asibiti a cikin makon. Za a ɗauki hoton maman, sannan a sa allura ta musamman a ciro ɗan nama wanda bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, a kai ɗakin gwaji. Wannan gwajin naman shi kaɗai ke yanke hukunci. A jiharmu, inda ake haɗa likitocin tiyata da na sankara da masu gwajin nama wuri ɗaya shi ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma daga Asibitin Ƙwararru ko babban asibitin ƙaramar hukumarku ana iya rubuta miki takardar turawa zuwa can.

Gargaɗi: za ki ji ana cewa "daji ba ya son ƙarfe", wai da zarar allura ko wuƙa ta taɓa shi sai ya bazu. Wannan magana ta kai mata da yawa kabari. Abin da ya haife ta shi ne yawancin mata ba sa zuwa asibiti sai ciwon ya riga ya yi nisa, idan kuma aka rasa su sai a ɗora wa aikin likita laifi. Kada ki yarda a yi miki sakiya, ko tsaga, ko a liƙa miki wani haɗi mai cin fata, domin zai buɗe gyambon da zai jinkirta maganin gaske. Mai shayarwa kuma ta kula: kumburin da aka ce na nono ne, idan an sha magani mako biyu bai baje ba, a koma a nemi hoto.

2. Ranar karɓar sakamako

Kada ki je ke kaɗai. Ranar da likita ya gaya wa Yaya, ina zaune kusa da ita, na ga tana ta gyaɗa kai kamar tana bin maganar, amma da muka fito ƙofar asibiti sai ta riƙe mini hijabi ta ce, "Ke, mi yac ce bayan nan?" Daga kalmar sankara ba ta ƙara jin komai ba. Haka kusan kowa yake, don haka a tafi da mutum mai natsuwa da zai rubuta.

Ki sayi littafin rubutu mai ganye arba'in da jakar leda mai zif, su zama na jinyar kaɗai. A shafin farko a rubuta amsar waɗannan tambayoyi: ciwon yana mataki na nawa, tsakanin 1 zuwa 4? Ya kai kaluluwar hammata? An yi wa naman ƙarin gwajin da ke nuna ko sinadaran jikin mace ne ke ciyar da ciwon, da kuma ko yana da alamar da ake kira HER2? Me za a fara, kemo (wato maganin kashe sankara da ake sawa ta jijiya) ko tiyata? Gwajin nan na biyu yana da ɗan tsada, wasu kan so su tsallake shi, amma shi ne ke nuna ko ƙwayar sha mai sauƙin kuɗi za ta yi miki aiki, saboda haka kuɗinsa ba asara ba ne. Duk takardar da aka ba ki, ki ɗauki hotonta a waya kafin ki sa a jaka.

Idan kuka ya zo, ki yi. Annabi (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, kuma hakan bai taɓa imaninsa ba. Bayan kukan ki riƙe wannan: a shekarar 2022 mata miliyan 2.3 aka gano wa wannan ciwo a duniya, fiye da 32,000 daga cikinsu a Najeriya, kuma a ƙasashen da ake gano shi da wuri a kuma kammala magani, fiye da mata 90 cikin 100 suna wuce shekara biyar da rai. Bambancinmu da su yana wurin lokacin zuwa asibiti da kuma kai magani ƙarshe, kuma a cikin waɗannan biyun akwai rabon da ke hannunki.

3. Wa za a gaya wa, kuma me kowa zai yi

Kunya da tsoron bakin mutane suna sa mace ta ɓoye har ga mijinta. Ban ga amfanin hakan ba ko sau ɗaya. Ba dole ba ne duk unguwa ta sani, amma mutum uku zuwa biyar dole su san gaskiya tun farko, kuma a ba kowa aikinsa da sunansa, domin "duk abin da ake bukata a faɗa mini" magana ce mai daɗi da ba ta dafa tuwo. Mutum ɗaya shi ne mai rakiya asibiti, ɗaya mai riƙe kuɗi da rasit, ɗaya mai girki da kula da yara a kwana huɗu na bayan kowane kemo, ɗaya kuma mai amsa waya da tarbar masu dubiya.

Maigida ya shiga wurin likita da kansa aƙalla sau ɗaya, ya ji da kunnensa cewa ciwon ba ya yaɗuwa ta kwano ko ta shimfiɗa, kuma ba sammu ba ne, ba kuma hannun abokiyar zama a ciki. Yara da suka yi wayo a gaya musu daidai hankalinsu: Inna ba ta da lafiya, maganin zai zubar mata da gashi, kuma gashin zai dawo. Yaron da ba a gaya wa komai ba yana ƙirƙiro abin da ya fi gaskiyar muni.

Gargaɗi: cikin masu dubiya akwai wadda za ta zauna ta lissafa miki duk wanda ta sani da "irin wannan ciwo" ya kashe. Ba mugunta ba ce, rashin sanin abin faɗa ne, amma illarta ɗaya. Mai tarbar baƙi tana da damar cewa, "Gwaggo, ta samu barci, a yi mata addu'a daga nan."

4. Lissafin kuɗi kafin a fara

Nan ne jinya da yawa ke tsinkewa. Dangi kan yi zuciya a farko, a sayar da tumaki da sarƙar zinari, a kashe kuɗin duka a zagaye biyu na farko da hidimar baƙi, zuwa zagaye na uku kuma hannu ya bushe. Tun kafin a sa ruwan farko, ki roƙi likita ya rubuta sunayen magungunan da yawan zagayen, a kai wa mai harhaɗa magani na asibiti ya faɗi kuɗin zagaye ɗaya, a ninka. A kan wannan a ƙara gwajin jini da ake yi kafin kowane zagaye, da maganin amai, da kuɗin mota, da tiyata, da gashi da na'ura (wato ƙona ciwon da haske), da kuma masauki ga wadda ke zuwa daga Isa, Tambuwal, Illela ko Argungu. Jimillar za ta tayar da hankali, amma gara a gan ta a takarda, domin daga nan ne ake iya raba ta wata-wata a tsakanin 'yan'uwa kamar adashi.

Sannan a ƙwanƙwasa kowace ƙofa. A asibitin koyarwa akwai ofishin jin daɗin marasa lafiya, a je a tambayi abin da ke akwai a lokacin, har da asusun tallafin masu sankara na gwamnatin tarayya, wanda sankarar mama na cikin cututtukan da aka kafa shi dominsu. Ma'aikaciyar gwamnati ko matar ma'aikaci ta duba abin da inshorar lafiyarta ta ƙunsa. Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato tana taimaka wa mabukata a kan jinya, kuma neman zakka ga wanda ya cancanta karɓar haƙƙi ne da Allah Ya ajiye masa. Gidauniyar Medicaid, wadda Dokta Zainab Shinkafi-Bagudu ta kafa, ta daɗe tana aikin gwaji da tallafi a kan sankara. Kowace ƙofa za ta nemi takardar sakamakon gwajin nama da wasiƙar likita, don haka a yi kwafi da yawa.

Gargaɗi: kada a sayi maganin kemo a hannun wanda ba a sani ba don an ce nasa ya fi araha. Akwai na jabu, wasu kuma sai a firiji suke zama, kuma zafin watan Afrilu a garin nan ya isa ya lalata su tsakanin kanti da asibiti.

5. Kemo

Yawanci ana sa shi ta jijiya duk bayan mako uku, sau shida zuwa takwas, kuma sanin yadda makonnin nan uku ke tafiya shi ne rabin sauƙin. Kwana uku zuwa biyar na farko su ne na tashin zuciya da kasala. Daga wajen kwana na 7 zuwa na 14 garkuwar jiki ke sauka ƙasa, ko da kina jin kin warware. Mako na uku jiki ke dawowa, a ci abinci da daɗi, a zauna tsakar gida a yi hira. Yaya ta riƙa sa wa makon nan alama a kalanda da jan biro, duk wani abin da take so, ziyarar Inna ko kitson 'yarta, sai ta ajiye shi can. Ina ganin babu abin da ya riƙe ta kamar wannan, domin ko a ranar da ta fi galabaita tana iya ƙirga kwanakin da suka rage kafin jan layin.

Maganin amai a sha shi a kan lokacin da aka rubuta, kada a jira sai zuciya ta fara tashi. A ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a rana: kunun gyaɗa, faten wake, dafaffen ƙwai, kifi, miyar zogale ko ta kuka mara yaji sosai. Ruwa kuwa a sha da yawa, musamman a bazara lokacin da zafi ke haura digiri 40. Ɗaya daga cikin magungunan ja ne, yana sa fitsari ya yi ja na kwana ɗaya ko biyu, ba jini ba ne. Baki kan yi miki, sai a riƙa kurkure shi da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri sau huɗu a rana, a kuma bar asuwaki mai tauri a koma buroshi mai laushi.

Gashin kai yana fara zuba mako biyu zuwa uku bayan zagaye na farko. Na tsefe wa Yaya kitsonta na ƙarshe a daren wata Alhamis, gashin yana biyo mataji dunƙule-dunƙule, babu wadda ta ce uffan a cikinmu. Da safe ita da kanta ta ce a kawo almakashi a rage shi duka, ta ɗaura sabon ɗankwali, ta ce a ɗora mata ruwan shayi. Shawarata ke nan ga kowa: a rage shi tun kafin ya fara cika matashin kai. Yana fitowa bayan an gama magani, cikin 'yan watanni.

Gargaɗi na farko, kuma shi ne mafi girma a wannan mataki: a sayi ma'aunin zafin jiki a ajiye a ɗaka. Idan zafi ya kai 38, ko ana rawar sanyi, a tafi asibiti a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne, a kuma gaya wa na bakin ƙofa cewa tana kan kemo. Kada a ce zazzaɓin sauro ne a sayo magani a kemis a jira gari ya waye. A makon da garkuwa ke ƙasa a guji nonon da ba a tafasa ba, da tsiren bakin hanya, da ɗanyen ganyen da ba a wanke sosai ba, da cunkoson gidan biki. Fura ba ta haramta, a dama ta a gida da madarar da aka dafa.

Gargaɗi na biyu: idan an fara da kemo kafin tiyata, ƙullutun kan motse bayan zagaye biyu ko uku har hannu ya daina jinsa. A nan ne wasu ke cewa Alhamdulillahi an warke, su daina zuwa. Motsewar alama ce cewa maganin yana ci, saura kuma yana nan inda hannu ba ya kaiwa, idan aka tsaya zai dawo da ƙarfin da ya fi na da.

Wadda ke da ciki, ko take shayarwa, ko take son ƙarin haihuwa, ta faɗa kafin a fara. Ba a shayarwa a kan kemo, ba a kuma son a ɗauki ciki a lokacin, ko da al'ada ta ɗauke.

6. Tiyata da abin da ke biyo bayanta

Wani lokaci ƙullutun kaɗai ake cirewa, wani lokaci maman duka, gwargwadon girman ciwon da inda ya kai. Babu macen da za a gaya wa wannan ba ta ji duniya ta juya mata ba, kuma bai kamata kowa ya ce mata ƙaramin abu ne ba. Amma na zauna da matan da aka cire wa mama shekaru da suka wuce, suna aurar da 'ya'ya suna goyon jikoki, kuma in ba su faɗa ba babu mai sani. Idan kina da hali, ki roƙi nas ta haɗa ki da ɗaya daga cikinsu kafin ranar aiki, domin minti goma da wadda ta wuce wurin ya fi wa'azin mutum goma da ba su taɓa shiga ba.

Za ki koma gida da 'yar robar da ke fitar da ruwa daga wurin aikin, ta kwana bakwai zuwa goma sha huɗu, a riƙa rubuta yawan ruwan kowace safiya. Motsa hannun da aka koya miki, irin na tsayawa gaban bango ana hawa da yatsu sama a hankali, a yi shi kullum don kada kafaɗa ta sandare. Idan miki ya warke, tela mace za ta iya ɗinka 'yar jaka mai laushi a cusa auduga a sa cikin rigar mama, ta daidaita tsayuwar riga ba tare da wani kuɗi mai yawa ba.

Gargaɗi: idan an cire kaluluwar hammata, hannun wannan ɓangaren yana iya kumbura ko bayan shekaru. A cire matsattsen awarwaro da zobe, a kiyaye yanka da ƙuna wurin girki, a koma daka da jan guga sannu a hankali, kuma inda hali ya yi a miƙa ɗaya hannun wurin allura da awon jini. Kumburi ko ja da zafi a hannun, a nuna wa likita da wuri.

7. Gashi da ƙwayoyin shekaru

Gashi da na'ura ana yin sa kwana biyar a mako, na mako uku zuwa biyar, kowane zama 'yan mintoci ne kuma ba a jin zafi lokacin yin sa. Na'urorin kaɗan ne a ƙasar nan, don haka a nemi layi tun ana kemo, a kuma tambayi likita inda za a nufa idan layin ya yi tsawo. Kada a goge alamar da aka zana a fata, kada a shafa turare ko man da likita bai amince da shi ba a wurin. Kina iya rungumar 'ya'yanki bayan kowane zama, babu abin da zai same su.

Idan gwaji ya nuna sinadaran jikin mace ne ke ciyar da ciwon, za a ba ki ƙwaya irin tamoxifen, ɗaya a rana, shekara 5 zuwa 10. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin ta bayan shekara ɗaya saboda an ji garau. Ki haɗa shanta da sallar asuba don kada ki manta. Zubar jini ba lokacin al'ada ba, ko kumburin ƙafa ɗaya mai zafi, a kai wa likita nan take.

8. Ibada a cikin jinya

Neman magani da dogaro ga Allah abokan tafiya ne, hadisi ya tabbata cewa Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar mata da magani. Addu'a, ruƙiyya da sadaka ba sa karo da kemo. Abin da ke karo da shi shi ne jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba, waɗanda kan wahalar da hanta da ƙoda a daidai lokacin da suke ɗauke da nauyin magani, don haka duk abin da za a sha, ko na Islamiyya ne, a nuna wa likita. Wanda ya ce miki ki bar asibiti ki dawo wurinsa, ki bar shi.

Addini ya yi miki sauƙi, ki karɓa. Ki yi salla a zaune ko a kwance idan tsayuwa ta gagara, ki yi shafa a kan bandeji, ki yi taimama idan ruwa zai cutar, ki ajiye azumi ki rama idan kin samu lafiya, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara. Addu'ar Annabi Ayyuba da ke Suratul Anbiya, aya ta 83, gajeriya ce, harshe yana iya ɗaukarta ko a ranar da jiki ba ya iya komai.

9. Idan nauyin ya ƙi sauka

Akwai ranakun da babu abin da zai yi daɗi, kuma ba laifi ba ne. Amma idan aka yi mako biyu babu barci, babu cin abinci, babu sha'awar ganin kowa, ko zuciya ta fara raya miki cewa gara mutuwa, wannan ciwo ne na daban mai magani, a gaya wa likita kamar yadda za a gaya masa zazzaɓi. Akwai likitocin damuwa a asibitin koyarwa da kuma asibitin tarayya da ke Kware, kuma ganinsu ba ya nufin an taɓu. Mai jinya ma ta kula da kanta, a riƙa karɓarta ko kwana ɗaya a mako ta je ta yi barci.

Wadda aka ce nata ya kai mataki na 4, kada ta ɗauka an sallame ta. Ana ba da magani don a danne ciwon, a kuma rage raɗaɗi, kuma akwai masu ɗaukar shekaru a haka suna cikin iyalinsu. Ciwo mai tsanani yana da magani har zuwa mofin na sha, wanda likita ke aunawa, kuma jure azaba alhali ga sauƙi ba ya cikin sharuɗɗan haƙuri. Idan akwai gyambo mai wari, nas za ta koya wa mai jinya yadda ake wanke shi da maganin da ke kashe warin, don mara lafiya ta ci gaba da zama cikin mutane. A tambayi likita kai tsaye abin da ake sa ran wannan maganin zai yi, a rubuta amsar a littafin nan, a ƙarƙashinta kuma a rubuta ranar komawa ta gaba da sunan wanda zai yi rakiya.